Kukan Kunne Da Na'urar Ji

(Jawabin da wani ɗan'uwanmu, ma'aikacin lafiya, ya gabatar a zaman ƙungiya a nan Jalingo)

 

An ce in yi magana a kan wani ciwo wanda ba ya kwantar da mutum, ba ya fid da jini, amma yakan hana barci, ya ɓata wa magidanci rai har iyalinsa su rasa gane kansa. Ina nufin kukan kunne. Wani zai ce maka kamar kukan gyare yake ji. Wani ya ce kamar fito, wani kamar ruwan sama a kan kwano, wani kuma kamar an bar janareto a kunne a bayan ɗaki. Kai da ke zaune kusa da shi ba ka jin komai. Shi ya sa da yawa suke yin shiru da abin, don gudun kada a ce iska ce ta shafe su, ko an yi musu sammu.

To, mai wannan lalura ya kwantar da hankalinsa, yana da 'yan'uwa. A shekarar 2022 wasu masana suka tattara binciken da aka yi a ƙasashe da dama, suka gano cewa kimanin mutum 14 cikin kowane baligai 100 suna jin wannan ƙara, wato sama da mutum miliyan 740 a duniya. Waɗanda abin ya tsananta musu kuwa kimanin 2 ne cikin 100. Ku dubi yawanmu a zauren nan, sai ku yi lissafi.

Abin da nake so mu tafi da shi gida shi ne, a mafi yawan lokuta kukan kunne ɗan rakiya ne. Uban tafiyar shi ne raunin ji. Kunnen ya fara nauyi, mai shi bai ankara ba, ƙarar ce kawai ta dame shi. Kafin ku yarda da ni sai na ɗan bayyana yadda kunne yake aiki.

Idan sauti ya shiga ramin kunne, sai ya bugi dodon kunne, wata 'yar fata ce siririya a ɗaure kamar fatar kalangu. Ita kuma ta girgiza wasu ƙasusuwa guda 3, waɗanda babu ƙanana kamarsu a jikin ɗan Adam. Su ne ke miƙa girgizar can ciki, zuwa wani wuri mai siffar katantanwa, cike da ruwa. A cikin katantanwar nan akwai wasu ƙwayoyi masu gashi-gashi a kansu, kimanin 15,000 a kowane kunne, kowane rukuni da irin sautin da yake kamawa. Su ke mai da girgiza ta zama saƙo, jijiyar ji ta kai wa ƙwaƙwalwa. Waɗannan ƙwayoyi idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Na tsuntsu da na kifi sukan tsiro, namu ba sa yi. Kamar ciyawar burtali ce: shanu su bi ta kanta sau ɗaya sau biyu, ta miƙe, in suka mai da wurin hanya, shi ke nan, sai ƙasa tsura.

Yanzu ku tuno rediyon da muke kama labarai da shi a gajeren zango. Tasha ta yi nisa, magana ta dusashe, me kake yi? Sai ka ƙara murya. Da ka ƙara, sai wannan shuuu ɗin ta cika ɗaki. Bayanin da mafi yawan masana suka karkata gare shi ke nan game da kukan kunne: saƙon da ƙwaƙwalwa ta saba samu daga kunne ya ragu, sai ta ƙara wa kanta murya tana laluben abin da ya ɓace, har ta fara jin motsin jijiyoyinta. Kun san wanda aka yanke wa ƙafa yakan ce babban yatsansa na yi masa ƙaiƙayi, alhali ƙafar ba ta nan. To ɗan'uwan wannan ne.

Akwai wani gwaji da wasu masana biyu, Heller da Bergman, suka yi a Amurka a 1953. Suka ɗauki mutum 80 masu lafiyayyen ji, suka riƙa saka su ɗaya bayan ɗaya a ɗakin da sauti ba ya shiga, na minti 5. Kashi 94 cikin ɗari suka fito suna cewa sun ji ƙara, wani fito, wani ruri. Waɗanda suka maimaita gwajin daga baya ba su sami adadi mai yawa haka ba, amma duk da haka mafi rinjaye sun ji. Ashe ke nan ƙarar tana nan kwance a kan kusan kowa, hayaniyar duniya ce ke danne ta. Mai raunin ji kuwa, kullum a cikin wancan ɗaki yake zaune.

Idan kun fahimci wannan, kun fahimci dalilin da ya sa ɗiga abu a kunne ba ya magani. Man ja, man zaitun, ruwan albasa, ruwan ganye, duk iyakarsu dodon kunne, ɓarnar kuwa tana can ciki inda ba sa kaiwa. In kuma an yi rashin sa'a dodon kunnen a huje yake, an jawo wani ciwon. Haka sakace kunne da gashin kaza ko tsinken ashana.

Me ke kashe mana ji a garin nan? Tsufa na gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin waɗanda suka haura shekara 60, fiye da ɗaya cikin huɗu suna da raunin jin da ke hana su walwala. Wannan ba mu da yadda za mu yi da shi. Amma na biyun, sana'o'inmu ne. Mai injin niƙa, mai injin casar shinkafa, mai tsaga katako, mai walda, maƙeri, mai shago da janareto a bakin ƙofa tun safe har dare, da yaranmu masu kiɗan biki da ke kwana a gindin lasifika. Ana auna ƙarfin sauti da abin da ake kira desibel. Hirar da muke yi a zaure kimanin 60 ce. Idan ƙara ta kai 85, awa 8 ne iyakar abin da kunne zai ɗauka a yini. Daga nan duk ƙarin 3 sai lokacin ya ragu da rabi: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa ɗaya, 100 kuwa minti 15 kacal. Ba sai kana da na'urar awo ba. In har sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye kamu biyu daga gare ka ya ji ka, to wurin nan yana cin kunnenka. Kuma in ka tashi daga aiki da yamma ka ji kunnenka ya yi dum yana fito, gargaɗi ne. Jiki magayi.

Sai cututtuka. Manya a cikinmu ba su manta sanƙarau ɗin 1996 ba, wanda ya kama sama da mutum 100,000 a Arewa. Cikin waɗanda suka tashi akwai da dama da suka tashi ba ji. Ƙyanda da hangum su ma sukan taɓa kunne. Ga kuma zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, kuma jiharmu ta Taraba tana cikin jihohin da yake yawan ɓulla da rani. Kimanin ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka warke daga shi sukan sami kurumta, ko da yake rabinsu jin yakan ɗan dawo bayan wata ɗaya zuwa uku.

Sai magunguna, kuma a nan ina roƙon iyayenmu mata su saurara da kyau. Kwinin yakan sa kunne kuka, galibi ya daina in an gama sha. Asfirin mai yawa ma haka. Amma allurar jentamaisin da 'yan'uwanta irin su istireftomaisin, in suka yi ɓarna ba ta gyaruwa. Magunguna ne masu ceton rai a hannun likita, da awo da lissafi. Matsalar ita ce yadda ake zuwa kemis a ce a yi wa yaro allura don zazzaɓi ya ƙi sauka. Wanda likita ya ɗora a kan irin wannan magani ya ji kunnensa ya fara kuka, kada ya yanke da kansa, ya koma ya faɗa a ranar.

Kafin in zo kan na'ura, akwai kukan kunnen da ba a jira da shi. Wanda ya wayi gari kunne ɗaya ya ɗauke gaba ɗaya, wannan asibiti ne a ranar, domin maganinsa ya fi ci a 'yan kwanakin farko, bayan mako biyu damar ta ragu ƙwarai. Haka wanda ƙarar ke bugawa daidai da bugun zuciyarsa, da wanda a kunne ɗaya tak yake ji, da wanda abin ya haɗo da jiri, ko ruwa na fita, ko baki ya karkace. A gefe guda kuma, wani dattin kunne ne kawai ya toshe shi, a wanke masa ya koma gida lafiya lau.

To, na'urar ji. Abu ne ƙarami, wata ana maƙala ta a bayan kunne, wata a cikin ramin. Tana da makirufo mai ɗauko sauti, da ɗan inji mai ƙara masa ƙarfi, da 'yar lasifika mai zuba shi a kunne, da batir. Ba don kukan kunne aka ƙera ta ba, don ji aka yi ta. Amma tun da daɗewa masu sa ta suke dawowa suna cewa, ai ƙarar nan ma ta ja baya.

Dalilin a fili yake. Gyare yana kuka da tsakar dare ka ji kamar a kan matashinka yake. Da rana a tsakiyar babbar kasuwa, ko buhu guda aka zuba maka ba za ka ji su ba. Na'urar tana dawo wa mutum da ƙananan sautukan da suka ɓace masa, takun tafiya, motsin ganye, ƙarar fanka, kukan kaji a tsakar gida, sai kukan kunnen ya nutse a cikinsu. Har ila yau, tunda saƙo ya dawo, ana ganin ƙwaƙwalwa takan sassauta wancan ƙarin murya da ta yi. Akwai kuma abu na uku, wanda ni a ganina ya fi sauran. Raunin ji yakan fara da siraran sautuka, irin su sa, sha, tsa, fa, da muryar mata da yara. Shi ya sa dattijo zai ce, "Ina jin magana, fahimta ce ba na yi." A ce fata ya ji sata. A yi ciniki a ce sittin ya ji tis'in, a yi ta rigima. Yana wuni yana kasa kunne da ƙarfi, kansa ya ɗau zafi, sai ya ɗora laifin duka a kan ƙarar, ya ce ita ke hana shi ji. Daga nan ya daina zuwa majalisa, ya daina ɗaukar waya, ya koma ɗaki shi kaɗai, inda ƙarar ta fi samunsa. Ranar da ya sake jin hira ba wahala, rabin damuwar ta tafi.

Kada in yi muku daɗin baki. Na'urar ji ba ta warkar da kukan kunne, kuma har yau babu ƙwaya ko allurar da aka tabbatar tana warkar da shi. Wani in ya sa ta ƙarar takan ɓace muddin tana kunnensa, wani ta ragu, wani kuma ba ya ganin canji sai dai jinsa ya gyaru. In aka cire ta, galibi ƙarar tana dawowa. Binciken da aka yi a kanta ma bai kai yawan da masana suke so ba. Duk da haka, ƙungiyar likitocin kunne ta Amurka a ƙa'idojinta na 2014 ta ce duk mai kukan kunnen da ya daɗe yana damunsa, kuma yana da raunin ji, a duba shi don na'urar ji. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ita ma ta faɗi kusan haka a 2020. Waɗancan ƙa'idoji na Amurka sun kuma ce kada a ba mutane ƙwayoyin ƙarin kuzari irin su zinki da ginko da sunan maganin wannan ciwo. Na faɗi wannan ne saboda masu tallar kwalabe a mota da lasifika, waɗanda su kansu suna cikin masu kashe mana kunne.

Yanzu ga inda mutanenmu suke asarar kuɗi. Mutum zai aika ɗansa Kano ko Legas, ko ya ga talla a waya, a sayo masa wani abu a kwali mai kama da na'urar ji. Ya sa, hon ɗin keke ya tsaga masa kai, ƙarar cokali a kwano ta zama kamar maƙera, magana kuwa tana nan yadda take. Bayan kwana 3 ya jefa a aljihun tebur ya ce ai abin ƙarya ne. Araha ba ta ado. Irin wannan komai take ƙara wa ƙarfi, har da sautukan da kunnenka ke ji garau, kuma tana iya ƙara ɓata abin da ya rage. Na'ura ta gaskiya kamar tabarau take, sai an auna. Za a shigar da kai ɗaki shiru, a sa maka abin sauraro, a riƙa sako sautuka daga mai kauri zuwa siriri, kana ɗaga hannu in ka ji. Ba zafi, ba allura, bai fi rabin awa ba. A zana sakamakon a takarda, kunnen dama daban, na hagu daban. Da wannan takarda ake saita na'urar a kwamfuta, ta ƙara inda ka rasa, ta ƙyale inda kake ji. Ka riƙe takardar nan kamar takardar fili.

A fara daga gida. A je Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na jiha a nan Jalingo, a nemi ganin likitan kunne da hanci da maƙogwaro, a duba ramin kunnen, a auna hawan jini da suga. In ana bukatar abin da ya fi haka, su za su rubuta maka takarda zuwa manyan asibitocin koyarwa na Yola ko Gombe ko Jos ko Kano, ko kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1999 don wannan aiki kawai. Tafiya ce mai nisa, na'urar kuma daga waje ake shigo da ita, farashinta na bin dala. Saboda haka kafin ka biya, ka tambaya: in ba ta yi mini ba, ana canzawa? In ta lalace wa zai gyara? Sau nawa zan dawo a sake saitawa, kuma da kuɗi ko ba kuɗi? Ka kuma gaya musu ƙarara cewa kukan kunne ne ya kawo ka, domin saitin yakan bambanta, kuma akwai na'urorin da aka haɗa musu wani sassanyan sauti kamar na ruwa mai gudu, don waɗanda ƙarin ji kaɗai bai wadatar da su ba. In kunnuwa biyu ne suka raunana, biyu ta fi. In aljihu bai kai ba, da babu gara ba daɗi, a sa ɗaya, amma mai awon ne zai zaɓi kunnen.

Makon farko ba daɗi, gara ku sani tun yanzu. Za ka ji muryarka kamar kana magana a cikin tulu. Za ka ji taunarka, ka ji takardar da ake buɗewa a ƙarshen ɗaki. Ƙwaƙwalwar da ta shekara goma a shiru sai ta sake koyo. A fara da 'yan awoyi a gida, a riƙa ƙarawa, har a kai ga sawa tun tashi daga barci har kwanciya. Wanda ya mai da ita kayan ado, sai ranar ɗaurin aure ko zaman ƙungiya ya ɗauko, ba zai ga amfaninta a kan ƙarar ba. A ba ta wata 2 zuwa 3 kafin a yanke mata hukunci. In tana fito, ko dai ba ta zauna daidai ba, ko datti ya taru a kunne, ko hula ko ɗankwali ya danne ta.

Ruwa ne babban abokin gabarta. A cire kafin wanka, a cire kafin alwala, a bar kunne ya bushe sannan a mayar. Da damina, tun daga watan Mayu har Oktoba, ga gumi ga laima, sai a buɗe ƙofar batirin da dare a ajiye ta cikin gwangwani mai murfi da ɗan ƙullin nan mai shan danshi. Da hunturu kuma ƙura ce, a riƙa goge ta da busasshen ƙyalle. Batirinta lamba-lamba ne, 10, 312, 13 da 675, kowanne da launin takardar da ke manne a bayansa. Ka san naka, ka sayo da yawa, domin daga 'yan kwanaki zuwa mako biyu yake yi, kuma da zarar an ɓare takardar ya fara ci ko ba a sa shi ba. Akwai masu caji, amma mai saye ya tuna halin wutarmu. Don Allah a ɓoye batiran nan daga yara. Ƙanana ne masu ƙyalli, yaro ya haɗiye ɗaya, maganar asibiti ce cikin gaggawa.

Saura dare, lokacin da aka cire na'ura gari ya yi tsit, ƙarar ta dawo da ƙarfinta. Kada a kwana a ɗaki shiru. A bar fanka tana juyawa, ko a kunna rediyo ƙasa-ƙasa a tsakanin tasha da tasha. Ba a so sautin ya binne ƙarar gaba ɗaya, a bar shi ƙasa da ita kaɗan, yadda za su cakuɗe, da haka ƙwaƙwalwa take sabawa har ta daina kula ta, kamar yadda mai gida a bakin titin Hammaruwa ya daina jin motoci. Gajiya da ɓacin rai da rashin barci suna ƙara mata ƙarfi, ita kuma tana ƙara su. Wanda abin ya kai shi ga ƙuncin rai, har yana jin ya gaji da duniya, kada ya ɓoye, ya gaya wa likita. Akwai zaman shawara da ake yi da masana halayyar ɗan Adam wanda aka tabbatar yana rage wannan damuwa, ko da ƙarar tana nan.

Ku kuma iyalai, ku daina yi wa baba ihu. Ihu yana murɗa magana ne, kuma ga mai na'ura azaba ne. A kira sunansa tukuna, a fuskance shi inda haske yake ya ga baki, a rage talabijin, a yi magana a tsanake. In bai gane ba a sake faɗa da wasu kalmomin. A kuma bar tsokanar mai na'ura da cewa ya sa rediyo a kunne. Dattawa nawa ne a nan da tabarau, wa ya ce musu komai?

Masu injina, na'urar ji ba kariya ba ce, a bakin inji cire ta ake yi a sa matoshin kunne na roba ko na soso, irin wanda ake samu wajen masu sayar da kayan aikin gini. Auduga ba ta tare komai. Ku saya wa yaran da ke tsaya muku a kan inji su ma, tunda su ne ke wuni kansu a jikin bel, ku kuna waje kuna karɓar kuɗi. Janareto kuma a ja shi nesa da ƙofar shago gwargwadon yadda waya za ta kai.

Mai girma shugaba, a nan zan dakata. Mai tambayar da ba ya son yi a bainar jama'a, ina nan a bakin ƙofa bayan an tashi.